Yatsan Mama da Koren Maballi

Doka ɗaya Dakta, malamarsu, ta kafa musu a wannan zangon, amma a wurin Auta ta fi duk littattafan da aka jibga musu wuya. Dokar ita ce, idan ka ba mutum manhajarka ya gwada, ka zauna a kan hannayenka.

"Ba wasa nake ba," in ji Dakta, tana kai da komo a gaban allo. "Ku cusa su ƙarƙashin cinya in ta kama. Ba nuni, ba gyaran murya, ba 'a'a, wancan ne'. Ranar da kwastoma zai ruɗe a ɗakinsa, ba kwa nan. Ku saita kyamara a kan hannunsa, ku ce ya riƙa faɗin abin da yake tunani, ku kuma ku yi gum."

Aji ya kwashe da dariya. Duk manya ne, masu digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci ta intanet, kowa ya taso daga wurin aiki da gajiyarsa da jakar kwamfutarsa. Auta ba ta yi dariya ba, don ta san da irinta ake. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin mutum yana fama da abu ta ƙyale shi. Kana ƙoƙarin zura zare a allura, kafin ka kanne ido ɗaya ta karɓe. A kamfanin rarraba magunguna inda take aiki, sababbin ma'aikata sun gane cewa in suka yi jim a gaban kwamfuta, za ta zo ta ture su da kujerarsu ta gama aikin. Mutane suna kiran wannan hali kirki. Ni dai ina da ja, don wani kirkin gajen haƙuri ne kawai aka sa wa kaya masu kyau.

Aikinta na kammala karatu manhaja ce ta dattawa masu shan magani kullum. In magani ya kusa ƙarewa, sai tsoho ya taɓa waya, ɗan babur ya kawo masa daga kantin magani har ƙofar gida. Ba a littafi ta samo dabarar ba, a gidan Mama ta same ta.

Mama tana zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Tsohuwar nas ce, ta yi aikinta kaf a ɗakin jinyar yara, yanzu kuma hawan jini da ciwon suga sun mai da ita mai jinyar kanta. Duk Asabar Auta takan ratsa gari ta je, ta duba abin da ya ƙare, ta karɓi wayar Mama da "kawo in yi miki", ta yi odar magani, ta zuba na mako a ɗan akwatin roba mai gida-gida. Mama takan fito da tiren shayi, kofi biyu a kai. Auta ta sha rabin nata a tsaye, makullin mota a hannu, ta wuce laburare.

Matsalar ita ce Yaya. Shi ne babbansu, mutum mai son a yi abu a gama, kuma tun ranar da Mama ta manta tukunya a kan wuta har maƙwabta suka ji ƙauri, ya ƙudura sai ta koma gidansa. Mama kuwa ta ce gidan nan da ƙafarta ta shigo shi, ba kuma da ƙafarta za ta bar shi ba. Tana da bishiyar lemon tsamin da ta dasa da hannunta, da tagar da take ganin duk mai wucewa, da maƙwabciyar da suke faɗa su shirya tun suna amare.

"Tukunya kowa na mantawa," Auta ta ce wa Yaya a waya. "Ni ma na ƙona tawa a makon jiya."

"Ke ba kya shan maganin suga. In ta manta tukunya yau, gobe magani za ta manta. Ba don ke kike zuwa kina yi mata komai ba, da tuni mun ga abin da ba ma so."

"Za ta iya da kanta."

"Da baki?"

Nan ne Auta ta yi abin da sai ɗalibi mai ji da sabon iliminsa zai yi. Ta ce ai tana da ma'auni. Za ta gwada manhajarta a kan Mama, a ɗauka a bidiyo, ba taimako ba komai. In Mama ta yi odar maganinta da kanta, Yaya ya bar maganar. In ta kasa, ƙarshen wata ya zo da mota. Yaya ya ce ya yarda. Babu wanda ya ga dalilin gaya wa mai gidan cewa an ɗora gidanta a kan gwaji.

Asabar ta zo. Auta ta jera littattafai a kan teburin falo, ta jingina wayarta a kansu yadda kyamara za ta kalli hannun Mama daga sama. Sannan ta yi gabatarwa kamar yadda aka koya musu, a faɗa wa mai gwaji amfanin abin a jimla ɗaya. Jimlar tata kuwa tana alfahari da ita, don ita ta jawo mata maki mafi yawa a zangon da ya wuce.

"Mama, wannan manhaja an yi ta ne don dattawa su riƙa sayen maganinsu da kansu, ba sai 'ya'yansu sun bar aikinsu suna zirga-zirga duk mako ba."

Mama ta dube ta ta saman tabarau.

"Duk mako," ta ce. "To, madalla."

"Sai ki riƙa faɗin abin da kike tunani. Ni ba zan ce komai ba."

"Ke? Yau za mu ga abin mamaki."

Auta ta cusa hannayenta ƙarƙashin cinya. Mama ta ɗaga yatsa, ta taɓa wani wuri, manhaja ta koma baya. Ta sake taɓawa, ta faɗa shafin canza yare. Ta fito, ta shiga wurin hoton kamfani, ta tsaya tana yaba launinsa.

"Me kike tunani, Mama?"

"Ina tunanin shayinki zai huce."

Hannun Auta har ƙaiƙayi yake. Ga maballin nan a tsakiyar fuskar waya, ƙiri-ƙiri, amma Mama sai kewaye shi take. Da abin ya ƙi ƙarewa, Auta ta zare hannu ɗaya ta ɗauki kofi don kada ta fizge wayar. Ta shanye, Mama ta ƙara mata. Suka sake gwadawa, suka huta, Mama ta ba ta labarin rikicinta da maƙwabciya a kan reshen lemo da ya leƙa katanga. Ranar sai da la'asar ta yi sanyi Auta ta tafi, ba a yi odar komai ba sai da ta karɓi wayar a ƙarshe.

Ba ta karaya ba. An koya musu cewa in mai gwaji ya kasa, laifin manhaja ne, ba nasa ba. Ta ƙara wa maballin girma, ta mai da shi kore shar, ta cire rubutun da ke kewaye da shi. Ta gwada a kan surukar wata abokiyar aikinta, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, ta yi odar kafin a gama yi mata bayani. Ta gwada a kan wani dattijo mai rawar hannu, shi ma ya wuce. Ta koma wurin Mama da ƙarfin gwiwa, Mama ta sake ɓata. Asabar ta gaba maballin ya kusa cinye rabin fuskar wayar, jariri ma da ya mari wayar zai same shi. Mama ta taɓa 'yar ƙaramar alamar da ke can ƙurya, ta rufe manhajar gaba ɗaya.

"Kai, wannan abu naku da wuya yake," ta ce. "Sai dai wani makon."

A mota, kafin ta tayar, Auta ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka. Ba makin take yi wa kuka ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Matar da ta yi shekaru tana samun jijiya a hannun jariri sabon haihuwa, wadda likitoci suke aikowa a kira in sun kasa, yau ta kasa samun koren abu mai faɗin tafin hannu. Ashe Yaya ya ga abin da ita ta ƙi gani.

Da ya kira, ba ta iya yi masa ƙarya ba.

"Ban ji daɗi ba, wallahi," ya ce, kuma muryarsa ta nuna da gaske yake. "Na so a ce ni ne na yi kuskure. An yi wa ɗakin fenti, an sa mata gado kusa da taga. Ki bar ni ni zan gaya mata, ƙarshen wata."

Ana cikin haka ranar nuna bidiyon gwaji a aji ta zo. Kowa zai haska ɗan guntu a bango, a tattauna. Ba a faɗin sunan mai gwaji, hannu kawai ake gani da waya. Auta ta zaɓi na ƙarshe, ta ce ga wata dattijuwa da ta kasa duk da gyare-gyaren da aka yi, tana ganin akwai masu shekarun da manhaja ba za ta yi musu amfani ba. Ta faɗi haka da muryar ɗalibai, a daidaice, kamar ba uwarta take yanke wa hukunci ba.

Dakta ta kalla har ƙarshe, hannu a haɓa.

"Mayar baya. Kashe sautin. Rage gudun."

Auta ta yi yadda aka ce.

"Baki yana faɗin abin da ya ga dama," in ji Dakta ga aji. "Ku bar shi, ku dubi hannu."

A bango, ƙaton yatsa ya taso daga gefen tebur a hankali. Bai yi dama ba, bai yi hagu ba. Ya tafi kai tsaye har saman koren maballin, ya tsaya cak, kamar mai jiran a ba shi izini. Sannan ya janye, ya nufi ƙurya, ya taɓa 'yar alamar nan da ko Auta sai ta ƙura ido take samu.

"Akwai na sauran ranakun?"

Akwai. Auta ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ko a na farko, lokacin da maballin yake ƙarami, haka yatsan ya yi. Ya je, ya tsaya, ya kauce.

Dogo, wani ma'aikacin banki da ba ya iya riƙe magana a ciki, ya ce daga baya, "Dakta, wannan tsohuwar ta fi ni sanin hanya. Ƙofar ce dai ba ta son shiga."

Aka yi dariya. Dakta ba ta yi ba.

"Wanda ya ɓata, yatsansa yawo yake yi," ta ce. "Wannan bai yi yawo ba. Me kika gaya mata kafin ta fara?"

"Jimlar amfani ce kawai, Dakta. Na ce an yi manhajar ne don dattawa su riƙa sayen maganinsu da kansu, ba sai 'ya'yansu sun bar aikinsu suna..."

Ba ta ƙarasa ba. Jimlar da ta yi ta gogewa tana sake rubutawa har ta haddace, yau ne ta fara jin ta da kunnen wanda aka faɗa wa. Dakta ta dubi hannun da ke bango, ta dubi hannun Auta da ke kan kwamfuta, gajeren babban yatsa iri ɗaya, faffaɗan farce iri ɗaya. Ta ce wanda ke biye ya fito.

Washegari Talata ce. Auta ta nemi izini a ofis da rana, ta ratsa gari. Ta tarar da Mama a tsakar gida da bokiti, tana ba lemonta ruwa.

"Lafiya? Yau ba Asabar ba ce."

"Lafiya lau. Mama, zo mu zauna."

A falo ta faɗa mata komai, ba ta rage ba: maganar tukunya, da sharaɗin da suka yi da Yaya, da dokar malamarsu ta zama a kan hannu, da ɗakin da aka yi wa fenti, da motar ƙarshen wata. Ba ta ambaci abin da ta gani a bango ba. Tana magana tana kallon fuskar Mama tana canzawa, daga mamaki zuwa wani abu da ta daɗe ba ta gani ba, irin kallon da Mama take yi musu suna yara in sun haɗa baki sun ɓoye mata abu.

"Wato jarrabawa kuka sa ni, ban sani ba."

"Mama..."

"Ku biyu, da na goya, kuka zauna a waya kuka ɗora gidana a kan wasan yara. Shi da fentinsa, ke da karatunki." Ta miƙa hannu. "Ba ni wayar."

Ko tabarau ba ta gyara ba. Ta buɗe manhajar, ta taɓa koren maballin, ta duba sunan maganin, ta ce wannan na suga kamfanin da take sha ne ko wani, ta tabbatar, ta taɓa. Wayar ta yi ɗan ƙara. Ta ajiye ta a kan tebur, ta tura wa Auta da yatsa ɗaya.

"Ga shi nan. In ba ki ɗauka ba, kunna abin naki in sake. Ki aika wa yayanki, ki ce ya ba wa baƙi ɗakinsa."

Auta ta ji sauƙi ya sauko mata, kunya kuma ta biyo bayansa ta danne shi.

"Me ya sa, Mama? Kin san irin tsoron da na ji?"

Mama ta murza bakin mayafinta.

"Ke da bakinki kika ce an yi abin ne don kada ku riƙa zuwa. To in ba magani, me zai kawo ki? Kina shigowa idonki na kan agogo. Sai ranar da malamarku ta ɗaure miki hannu na ga kin sha shayi har gindin kofi. Na ce to, in rashin iyawa ne zai zaunar da ke, ai ba abu ne mai wuya ba." Ta ɗan yi murmushi, ba na jin daɗi ba. "Ban san da gidana nake wasa ba."

"Zan riƙa zuwa, Mama."

"A'a. Kada ki yi mini alkawari don kin ji kunya. Ni ma na yi karatu da goyo, na san yadda lokaci yake. Ki riƙe Asabar ɗinki, ki gama abin da kika fara. Ga shi kin yi abu mai kyau, yana aiki."

Da ta ce yana aiki, babu gatse a ciki, kuma wannan ya fi yi wa Auta ciwo.

Yaya ya kalli bidiyon, ya kira yana dariya, ya ce tsohuwar nan ta gagara, ya janye maganar mota. Gida ya tsira. Auta ta samu abin da ta nema tun farko: Mama a gidanta, manhaja tana aiki, Asabar kuma ta zama tata.

Ranar Asabar ɗin ta tafi laburare da wuri, ta samu kujera kusa da taga, ta buɗe babin sakamakon bincike. Akwai jadawalin da za ta cike, na lokacin da manhaja take rage wa iyalin mai magani. Tana cikin kallonsa wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga manhajar, irin wanda ita da kanta ta tsara a riƙa tura wa 'ya'ya: an kai wa mahaifiyarki maganinta, babu abin da ake buƙata daga gare ki. Ta tuna ranar da ta rubuta shi, har tana jin daɗin yadda ya fito a taƙaice. Ta zauna da shi a hannu, ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba, har mai kula da laburare ya fara kallonta. Sai ta rufe kwamfutar.

Mama ta buɗe ƙofa, ta dubi hannayenta, babu leda, babu littattafai.

"An kawo maganin tun da safe. Na zuba a akwatin."

"Na sani."

"To me kika zo yi?"

"Babu komai."

Mama ta tsaya tana kallonta, kamar mai neman inda ƙaryar take. Sannan ta matsa ta ba ta hanya.

Tiren yana kan teburin falo, inda yake zama kullum, butar shayi tana tururi. Kofi ɗaya ne a kai. Auta ta shiga kicin, ta duba inda ake kife kofuna, nata ba ya nan. Ta buɗe kabad na ƙasa, babu.

"Mama, ina kofina?"

"Yana can sama," in ji Mama daga falo. "Na ga yana tare mini wuri."

Auta ta ɗaga kai. Can saman kabad, inda ake ajiye manyan tukwanen da sai an yi taro ake saukewa, ga kofin nan a kife, an tura shi har bango. Mama ba ta kai wurin ko ta yi ɗage. Sai da ta jawo kujera ta hau, ita kaɗai a gidan, da hawan jininta, don kada ta riƙa ganinsa.

Auta ta jawo kujerar, ta hau, ta sauko da shi. Ta ɗauraye, ta kawo ta ajiye a kan tire kusa da ɗayan. Mama ta ɗauki buta, hannunta yana ɗan rawa saboda nauyinta, murfin yana ƙara. Hannun Auta ya taso da kansa zai karɓa. Ta mai da shi, ta cusa ƙarƙashin cinya, ta jira Mama ta zuba.